Ba Hayaƙi a Gidan Gwaggo

Matameye, 12 ga watan Azumin Tsofaffi, 1956

Daga bakin Shekara, da alƙalamin Malam Lawwali, zuwa ga Hamisu ɗan Gwaggo Gambo, a Fagge ta Kano.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Maigidana yana gaishe ka, 'yan matana biyu ma suna gaishe ka. Gero ya yi daidai gwargwado, gyada ce ta ba mutane kunya bana.

In ka manta ko wace ce Shekara, tunda rani uku ke nan ba ka leƙo ba, ni ce wadda ubanta da mahaifiyarka suke 'ya'yan wa da ƙane. Ni ce wadda ka bar wa amanar tsohuwa a bakin tasha, ka ce wata huɗu kawai za ka yi cin rani ka dawo. Malam ya ce in sassauta harshe, na ce ya rubuta yadda na faɗa. Taubashina ne kai, ɗan mace kuma bawan ɗan namiji ne tun kaka da kakanni, ba ni na fara ba.

Gwaggo tana nan da ƙafarta, amma tari ya kama ta tun farkon sanyi, idonta kuma kullum cikin zubar ruwa. Hayaƙi ne. Ka san madafarta, ƙofa ɗaya ce ba taga, ga shi ba ta yarda wuta ta mutu a murhunta ko na kwana ɗaya. In ta sauke tuwon yamma sai ta tura kandilo, busasshen kashin shanu, cikin garwashi ta rufe da toka, da safe ta tona, ja wur. Shi ya sa rabin unguwar nan wurinta muke ɗiban wuta. Kafin rana ta ɗaga za ka gan mu mu biyar ko shida, kowace da kaskonta, mun tsugunna a ƙofar madafa, tana zuba mana garwashi tana yi mana faɗa, wannan ragguwa ce, waccan ba ta iya riƙon wuta ba. Ba mai jin haushi. Nan ake jin wa ya haihu, wa ya kwana da ciwo. Ni kuwa ko ban je ba, in na ɗaga kai daga tsakar gidana na ga hayaƙinta ya hau bisa katanga, na san ta tashi lafiya, sai in ci gaba da dakana.

Ran Juma'ar da ta wuce muka yi wa murhun shafe. Na kwashe toka, ta ware mai laushin ta ajiye don wankin tukwane da ruwan miya, na kwaɓa laka da kashin jaki na lilliƙe inda ya tsattsage. Dutsen baya ya rabe biyu. Na ce a nemo wani, ta ce shi ta tarar ranar da aka kawo ta gidan, a ɗaure shi da laka kawai. Tana durƙushe tana nuna mini inda zan shafa, tari ya turnuƙe ta har sai da na riƙe ta. Na tsorata, Hamisu, ba zan ɓoye maka ba.

Na ce ta dawo gidana, ta ƙi. Ba ta kama sunanka, ka san kunyar ɗan fari, sai dai ta ce mutumin Kano. Amma duk ranar da kamyon Iliyasu direba, babbar motar kayan nan, ya shigo daga wajenku sai ta sami dalilin zama a zaure. Cikin bakwai da ta haifa kai kaɗai ka rage. Ka zo ka yi damina a gida, ka huda mata taga a madafar nan, ka ga tsohuwarka da idonka. Zumunta a ƙafa take.

Iyakar maganata ke nan. Wasalam.

*

Fagge, 20 ga watan Sha'aban

Zuwa ga uwargijiyata ta dole, Shekara, daga bawanta Hamisu.

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara da Malam Lawwali. Ki durƙusa ki gaida Inna a madadina, ki ce ina neman albarka. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin Kano da ya fara.

Takardarki ta iso ta hannun Iliyasu, na karanta ta sau biyu, faɗan ma na ji shi kamar kina tsaye a kaina. Kina da gaskiya, na daɗe. Amma ki sani yanzu na bar ga-ruwa. Na sami aiki a madafar wani Kwara, Balaraben Sham, mai kantin yadi, ni ne na biyu bayan kuku. In na ce zan tafi damina, kafin in kai Daura an ba wani wurina, mutum ashirin ne ke zaune a ƙofa kullum suna jira. Ki bar ni zuwa babbar salla, in Allah ya yarda zan nemi kwana goma.

Maganar tarin Inna ta hana ni sukuni. Kin ce in huda taga. Ni na ce maimakon a yi wa hayaƙi hanya, gara a raba ta da shi gaba ɗaya. Abin da ke cikin kwalin nan sunansa risho, da irinsa muke dafa wa maigida abinci. Ba itace, ba toka, ba hayaƙi. Na daɗe ina sa masa ido a kanti, sai yanzu Allah ya nufa. Ga kananzir galan guda, Iliyasu zai riƙa kawo wani in ya ƙare.

Ki sa Malam ya karanta miki wannan wurin a hankali. A zuba kananzir a cikinsa, kada a cika shi fal. A ɗiga kaɗan a ɗan ƙoƙon da ke wuyansa, a ƙyasta ashana, a jira kan ya yi zafi, sannan a buga famfo kamar sau goma. In wutar ta fito shuɗiya tana huci, daidai ne. In ta yi ja tana baƙi, hancinsa ne ya toshe, wato ɗan ramin da ke tsakiya wanda bai kai ƙofar allura ba. Ga allurarsa nan na ɗaure a jiki, siririyar waya ce, da ita kaɗai ake tsokane shi. A riƙa goge shi kullum, ba ya son ƙazanta.

Ki gaya wa Inna ni na ce ta bar murhun nan haka. Shekara hamsin tana shaƙar hayaƙi ya isa. Ke kuma kada ki ce za ki are shi don dafa furarki, na san halinki.

Naki, Hamisu.

*

Matameye, 9 ga watan Ƙaramar Salla

Daga Shekara zuwa ga Hamisu. Barka da shan ruwa, barka da salla, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya, sai ƙaramar 'yata da ta yi ciwon ido, ta warke.

Kayanka sun iso kwana biyu kafin a ga watan azumi. Iliyasu da kansa ya kunna rishon a tsakar gida. Da ya yi wannan hucin nasa, Balki matar maƙeri ta zura da gudu ta bar takalmi ɗaya. Gwaggo ta zauna ta zuba masa ido, can ta ce, “To, mutumin Kano ya kyauta.” Ka san daga bakinta wannan ya fi kirari.

Malam ya karanta mata takardarka, ta sa ya maimaita wurin da ka ce ta bar murhu. Kashegari na je da kaskona, na tarar ta kwashe tokar tas, ta share, ta yi wa murhun sabon shafe har da farar ƙasa kamar ɗakin amarya, ta kife tsohuwar tukunya a kan duwatsun. Wutar da tun ina yarinya ban taɓa jin ta mutu ba, ita da hannunta ta yayyafa mata ruwa. Na ce, “Gwaggo, ki bar mana ko ɗan garwashi mana.” Ta ce, “An ce in bari, na bari. Ku je ku koyi riƙon wuta, ragwaye.”

Makon farko gidan ya cika da 'yan kallo, har wasu mata daga Tsauni da suka zo cin kasuwa sai da suka biyo. Ita da ba ta iya yabon ɗanta da baki, sai ta ajiye abin a kan sabon faifai a tsakiyar tabarma, kowa ya shigo shi zai fara gani. Ta koyi kunna shi, har da ƙyasta alimeti, wato ashana. Tarin ya ragu, idon ya washe. Wannan gaskiyarka ce, na ba ka.

Amma ga abin da nake so ka ji da kunnen basira. Kallo ya ƙare. Risho ba ya ba da garwashi, don haka mata sun koma ɗiban wuta gidan maƙera, hirar safe kuma ta bi su can. Yanzu sai a wuni ba wanda ya yi sallama a gidan in ba ni ba. Ni ma ga surfe, ga daka, ga furar sayarwa, sai la'asar nake samun leƙawa. Jiya na same ta zaune a ƙofar madafa ita kaɗai tana yi wa akuyarta faɗa. Da safe ina ɗaga kai bisa katanga don sabo, ba na ganin komi. Ba hayaƙi a gidan Gwaggo, Hamisu, ko na magani. Abin yana damuna, ban san yadda zan sa ka gane ba.

Muna sa ido ga babbar salla. Wasalam.

*

Fagge, 25 ga watan Ƙaramar Salla

Shekara, gaisuwa da godiya. Ina lafiya, Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi.

Wallahi tun da na zo Kano ban karanta abin da ya faranta mini rai kamar maganarki ba, cewa ba hayaƙi a gidan ko na magani. Na karanta wa kuku, na karanta wa abokan kwanana, har suna yi mini dariya. Abin da nake nema ke nan.

Matan da kika ce sun daina zuwa, dama wahalar da ita suke yi. Tsohuwa ta zama baiwar wutar unguwa, ita ce tsintar kandilo, ita ce kwasar toka, su sai miƙo kasko. Su je gidan maƙera, can ne ma gidan wuta. Ke ma na gane damuwarki, tafiya ce ta ƙaru miki da safe. Ki yi haƙuri, uwargijiya, in na samu ke ma zan aiko miki da naki.

Labarin Balki da takalminta ya sa ni dariya har da hawaye. Ki tuna wa Inna maganar gogewa, kada a bar miya ta bushe a kansa. Damina ta kusa, bana ba ita ba fama da ɗanyen itace.

Hamisu.

*

Matameye, 18 ga watan Babbar Salla

Daga Shekara zuwa ga Hamisu. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, an gama noman farko. Ina fatan kai ma lafiya ce ta hana ka zuwa. Jajiberin salla Gwaggo ta yi kitso, ta zauna a zaure har kamyo ya sauke mutum na ƙarshe.

Na ji amsarka. Na yi maka kuka ka ɗauka guɗa ce. To yanzu ka saurara, don wannan takarda a ɓoye nake aiko ta, ta ce kada in kuskura in gaya maka.

Ka ce a riƙa goge shi kullum. Gwaggo ta goge shi yadda ta san ana goge kayan tagulla, da tsamiya da toka. A gidana take roƙon tokar tunda tata ta ƙare, ni kuwa na ɗauka ta tukwane ce. Safe da yamma tana dirzar sa, jiki da ƙafafu da kai, har hancin. In ka dube shi sai ka ga fuskarka, amma toka ta shige ramin nan ta daskare. Wutar ta fara ja, ta koma baƙi, ta daina fitowa. Ta tsokana da allurarka, allurar ta karye a ciki. Ta gwada ƙaya, ta gwada tsinken tsintsiya. Na ce in kai wa maƙeri, ta ce kul, matarsa za ta ji. Da ƙyar ta bar Iliyasu ya duba shi a cikin ɗaki, ya ce sai an sa sabon kai daga Kano. Ya ce ya tafi da shi a gyaro, ta hana, wai za a ga an fita da shi.

Kwana goma sha biyu ke nan ba ta ɗora tukunya ba. Na ce ta hura murhu, ga shi nan a shafe tsaf, ga itace. Ta ce in hayaƙi ya tashi, duk unguwa za ta san kayan mutumin Kano ya mutu, ba za ta ba shi kunya ba. Har yau abin yana kan faifansa tana goge shi. Da safe gumba take jiƙawa da ruwan randa, da yamma ina kai mata tuwo mai zafi da hannuna, a rufe cikin zane don kada a gani. Gidan ya yi sanyi, bango ya jiƙe, ita kuma ta rame har awarwaronta yana zamewa.

Abu biyu nake so. Ka aiko da kan risho da allura. Kuma ka rubuto da hannunka cewa ka yarda ta hura murhunta, don ni ba ta jin tawa, taka ce ta sa ta kashe shi. Kada ka bar Iliyasu ya juyo ba amsa.

Wasalam.

*

Fagge, 26 ga watan Cika-ciki

Shekara, ina gaishe ku duka, ina neman afuwa sau biyu, na salla da na jinkiri. Maigida ya tafi da mu Jos tun kafin salla, ban sami ko hanyar aiko da saƙo ba. Da muka dawo kuma aka ce ruwa ya yanke hanya bayan Daura, motoci sun yi mako biyu a tsaye. Shekaranjiya takardarki ta shigo hannuna.

Toka da tsamiya! Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Laifina ne, da na ce da tsumma kawai. Ga sabon kai nan, ga allura shida, Iliyasu ya san yadda ake ɗaurawa.

Wannan wurin Malam ya karanta wa Inna da ƙarfi. Inna, ni ne na ce ki hura murhunki yau ɗin nan. Ba abin kunya ba ne, na gidan maigidana ma yana toshewa. Ki ci abinci mai zafi. Da an fara cirar gyada ina nan tafe, wannan karon ba fashi.

Hamisu.

*

Matameye, 2 ga watan Safar

Daga Shekara zuwa ga Hamisu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hamisu, sai haƙuri. Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa ran Juma'a, ashirin da huɗu ga Cika-ciki, da hantsi. Ta zame ne a ɗaki ƙugunta ya goce, ga jiki ba ƙarfi, ga masassara. Mai ɗori ya zo ya ce ba abin da zai iya. A hannuna ta cika, da kalmar shahada a bakinta. An yi mata sutura bayan an sauko daga masallaci, mutane sun taru ƙwarai, har daga Dungu da Yauri.

Ba mota a lokacin, shi ya sa ba ka ji da wuri ba. Ƙunshinka da takardarka sun iso ranar sadakar bakwai. Malam ya karanta mini ita ni kaɗai. Kwana biyu da binne ta ka rubuta ta.

Ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kuma ta ji daɗin abin da ka aiko mata. Na kulle ɗakin, akuyar tana wurina. Maigidana da Malam da dukan unguwa suna yi maka ta'aziyya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri.

*

Fagge, 10 ga watan Safar

'Yar'uwata Shekara,

Na ji. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Iliyasu ya same ni ina wanke tukwane, ya miƙo mini takardar bai dube ni ba, tun nan na sani. Kwana uku ban san abin da nake yi ba, har kuku ya ce in je in kwanta.

Na ɗauko takardunki duka na sake karantawa. Tun ta watan ƙaramar salla kin gaya mini, ni kuwa ina nan ina yawo da ita ina nuna wa mutane. Kin ce in zo in huda taga, aikin wuni ɗaya. Da na sani ƙeya ce. Rani uku ina cewa gobe, ga inda goben ta kai ni.

Abu ɗaya ne yake sanyaya mini rai, shi nake riƙewa in abin ya taso mini. Na san ba ta kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, ba ta kira an rasa mai amsawa ba, domin kina nan. Abin da ɗan cikinta bai yi ba, ke kin yi. Na bar miki amanar wata huɗu kin riƙe ta shekara uku ba ki gaji ba. Ba ni da bakin gode miki. Duk wanda ya zo mini gaisuwa a nan sai na ba shi labarinki, limamin unguwarmu ma ya sa miki albarka da sunanki.

Ga turmin zane nan, ba biya ba ne, ba abin da zai biya. Ki ɗaura don ni. Akuyar ma taki ce. Na gaya wa maigida ko ya ba ni izini ko bai ba ni ba, zan zo sadakar arba'in.

Allah ya saka miki da Aljanna.

Hamisu.

*

Matameye, 19 ga watan Safar

Hamisu,

Ba doguwar gaisuwa yau. Muna lafiya. Zanen ya iso, ban kwance shi ba, ga shi nan na mayar wa Iliyasu.

Malam yana karanta mini takardarka, da ya kai inda ka ce ba ta kwana da yunwa ba, na ce ya tsaya. Kwana biyar ke nan da yin haka. Yau na dawo na ce ya ɗauki alƙalami ya rubuta duk abin da na faɗa, kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. Ya ce in yi tunani, abin da ya hau takarda ba ya sauka. Na ce na yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da na rubuto maka ba ƙarya ba ne, a hannuna ta cika. Amma na tsallake kwana uku.

Da na ga shiru ba amsarka, ga ta kullum tana ƙara lalacewa, ran Lahadi da hantsi na ɗebo garwashi a kasko na shiga madafarta ban tambaye ta ba. Na ɗauke tukunyar da ta kife, na zuba wutar, na sa kara na fara hurawa. Ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta ɗauki buta ta juye a kai. Na ce, “Gwaggo, kashe kanki za ki yi saboda gwangwani?” Ta ce, “Ke me kika sani? Wadda ba ta da ɗa namiji a duniya ina za ta san abin da ake rufa wa asiri?” Ka san 'ya'ya maza uku na binne. Na jefar da kaskon, na ce in na sake taka gidan nan ba ubana ne ya haife ni ba, na fita.

Ran nan ban kai tuwo ba. Litinin ban kai ba. Talata na zuba nata a akushi na rufe, na tsaya da shi a bakin ƙofata, zuciya ta ce bari dai ita ta fara nema na, na mayar da shi ciki. Kwanakin nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, wanda ba ya gona yana ɗaki. Kowace safiya sai na duba bisa katanga, ban ga komi ba. To dama wata biyar ke nan ba a ganin komi, sai in ce lafiyarta ƙalau, taurin kai ne.

Laraba kukan akuyarta ya ishe ni, na ce dabbar nan ba a kwance ta ba. Na shiga. Na same ta a ƙasa tsakanin gado da randa. Tun yammacin Lahadi ta zame. Ta ce ta yi kira, ruwa ya danne muryarta. Randar taku biyu ce daga inda take, ba ta iya kaiwa ba. Ga gero cike da rumbu a waje, ga itacen da na tara mata tun rani a jingine.

Da na tallafi kanta na ba ta ruwa, ta dube ni ta ce, “Shekara, kin daɗe.” Ba ta ƙara komi a kai ba har ta cika. Ita ce ma ta nemi gafarata kan maganar 'ya'yana, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa in nemi tata. Na yi ta cewa in ta ɗan ji sauƙi zan nema.

Mutanen unguwa sun ɗauka da safen nan ta faɗi, ban gyara musu ba. Maigidana ma bai sani ba, daga nan wurinsa zan nufa. Ba don in rage maka naka nauyin na faɗa ba, ba kuma don ka ɗaukar mini nawa ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in ɗaura zanenka ana sa mini albarka a masallatan Kano. Ka je ka gaya wa limaminku ya daina.

Ka ce za ka zo sadakar arba'in. Ka zo. In ka sauka, kafin ka je maƙabarta ka biyo ta ƙofata, zan fito in tsaya. Duk abin da za ka faɗa mini ka faɗa da bakinka, kada ka rubuto.

Shekara.